Ɗan ragon Sallah na ulu: yadda ake saƙa shi da kwarashi daga zoben farko har ƙaho

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a unguwar Aboabo ta Kumasi na saka wani ɗan rago na ulu cikin kayan barka, toh tun daga ranar ban huta ba, duk wadda ta ɗauke shi sai ta juya shi ta latsa cikinsa ta ce Anti a wane shago kika samo wannan, Adum ko Kejetia, in na ce ni na saƙa da hannuna sai a bi ni da kallo kamar na ce na ƙera jirgi. Alhali wallahi abin ba wani sirri bane. Iyayenmu a zango sun daɗe suna saƙa hular jarirai da safa da shawul da ɗan abin rufe kan kujera da kwarashi, hannu ɗaya ne, abin da ya bambanta kawai shi ne a nan ana zagayawa ne ba a juyowa, ana matse saƙar sosai, kuma ana ƙirga. Ƙirgar nan ita ce rabin aikin.

Sunan wannan saƙa amigurumi, kalmar Japananci ce, "ami" saƙa kenan, sauran kuma daga "nuigurumi" wato 'yar tsana da aka cusa wa auduga. Kar sunan ya firgita ki. Zomo ne, kyanwa ce, giwa ce, rago ne, in kika ware su zaki ga kai ƙwallo ne, jiki ƙwallo ne da aka ɗan ja, ƙafa ɗan bututu ne, kunne ƙwallo ne da aka ƙi cusawa aka daɓe shi. Duk wadda ta iya saƙa ƙwallo ɗaya mai kyau wanda auduga bata leƙowa ta jikinsa ta gama koyon kashi mafi girma, shi ya sa zan daɗe a kan kai, sauran gaɓoɓin in wuce da sauri. Ina cewa "ki" don yawancin masu tambayata mata ne, amma ɗan yayana da ke SHS, wato babbar sakandare, ya fi ni saurin hannu yanzu, saboda haka maza ku ma ku matso.

Kafin kaya, akwai tambayar da na san tana zuwa don ni ma na yi ta kafin in fara, wato maganar siffar abu mai rai. Abin da aka karantar da mu a makaranta shi ne Nana A'isha tana da 'yan tsana da take wasa da su da ƙawayenta, kuma a Bukhari da Muslim akwai hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz cewa ranar Ashura suna sa yaransu azumi, su yi musu abin wasa na ulu, in yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa har a kai shan ruwa. Na ulu fa! A kan wannan malamai da yawa suka yi sauƙi ga abin wasan yara, wasu kuma sun fi so a bar fuskar babu ido babu baki. Ki tambayi malaminki ki bi abin da ranki ya kwanta da shi, ragon nan ko ba fuska ƙaho da kunne sun isa a gane shi.

Yanzu ulu. A Kejetia wajen masu sayar da kayan ɗinki, zare, maɓalli, zif, nan zaki samu, in kina Accra kuma Makola. Iri biyu ne zasu fi shigo miki hannu, akirilik da na auduga, sai wani gauraye da 'yan kasuwa ke kira milik kotin mai laushi. Akirilik ya fi arha kuma yana ɗan miƙewa, baya gajiyar da yatsa, amma bayan wata biyu a hannun yaro yana tada gashi. Na auduga baya miƙewa, gidajen saƙa, wato kowane ɗinki ɗaya-ɗaya, suna fitowa tsaf kina ganin kowanne, siffar dabba tana tsayawa da kyau, sai dai yana ciwon yatsa a farko kuma wani yana tsagewa in bakin kwarashi ya shiga tsakiyarsa. Ni da milik kotin mai matsakaicin kauri nake cewa a fara. Abin da zan roƙe ki dan Allah, kar ki fara da baƙin ulu ko shuɗi mai duhu, kar kuma ki fara da mai gashin nan kamar tawul da ake gani a bidiyo yana sheƙi, kyau kam akwai shi amma baki ganin inda zaki soka kwarashi, in kika yi kuskure kika zo warwarewa gashin ya zube ya bar ki da tsiraran zare. Ulun kitso da ake kira Brazilian wool shi ma ki bar wa kai, in don gwada hannu ne toh babu laifi. Don ragonmu ki samo fari da ruwan ƙasa mai haske, sai ɗan guntun baƙi ko ruwan toka na kofato. Irin ragon Uda zamu yi, waɗanda ake saukowa da su daga Sahel gab da layya, gaba mai duhu baya fari, kinga kai launi ɗaya jiki launi ɗaya, mun huta da yawan canza zare.

Kwarashi kuma ki lura da bakinki a kasuwa, don in kika ce kuroshe kawai mai shago zata miƙo miki na kitso mai ɗan murfi a baki, ba shi bane. Ki ce na saƙar ulu, ki duba lambar da aka buga a jikinsa da milimita. Dokar amigurumi ita ce kwarashin ya fi abin da takardar ulun ta ce ƙanƙanta. In takarda ta ce 4mm ki ɗauki 3mm, in ulun siriri ne 2.5mm ko 2mm. Dalili kuwa hula ko shawul ana so su saki su yi laushi, amma abin da za a cusa wa auduga in saƙar ta saki sai farin ciko ya riƙa leƙowa ta ko'ina kamar haƙoran da suka yi wushirya. In da hali ki sayi mai mariƙin roba, na ƙarfe zalla yana cin babban yatsa.

Abin cusawa faiba ce ta filo, fara sol mai taushi, masu katifa da filo suna auna ta, ko ki farke sabon filo mai arha ya ishe ki raguna goma. Audugar rimi da kakanninmu ke cusa matashi da ita tana da laushi amma in ta jiƙe dunƙulewa take yi ta daɗe bata bushe ba, da daminar Kumasi kuwa sai wari, ga ta da saurin kama wuta, ni bana saka ta a abin yara. Tsumma da guntun atamfa suna sa abin ya yi ƙulu-ƙulu. Sai allura mai babban hanci marar kaifi wadda ulu zai shiga, almakashi, fil ɗin tela masu kai, da abin alama, wanda ba sai kin sayi na roba ba, fil mai kulle ko guntun zare mai wani launi ya wadatar. Idanu akwai na roba masu ɗan wosha da ke kulle su ta ciki, 8mm ya dace da wannan girman. Na taɓa sayen leda guda wajen wata mai shago, na zo gida na tarar woshoshin na wani girma ne daban, ko ɗaya bai kama ba, tun daga nan a gabanta nake gwada ɗaya kafin in tura kuɗi ta MoMo a waya.

Saƙa ɗaya tak muke buƙata, ana ce mata singil, a rubuce zaki ga sc. Kowane ɗinki ɗaya ni "gida" nake ce masa. In kika kalli bakin saƙa daga sama zaki ga kowane gida kamar harafin V a kwance, zare biyu, na gaba da na baya. Ki soka kwarashi ƙarƙashin su biyun, ki rataya zare ki jawo shi, yanzu madauki biyu ne a kan kwarashinki, ki sake rataya zare ki ratsa shi ta cikin biyun gaba ɗaya. Shikenan gida ɗaya ya samu. Wata guda ki sani tun yanzu don kar ta rikita ki, abin da mutanen Amurka ke kira singil, mutanen Ingila dabul suke ce masa su rubuta dc, kuma a Amurka dc wata doguwar saƙa ce daban. Wasu da suka koyi saƙa a makaranta a nan Ghana da sunayen Ingila suka taso, yawancin bidiyon YouTube kuma da na Amurka suke magana. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, in kin ga sc a cikin tsari toh na Amurka ne, don Ingila basu da wannan sunan sam. Sauran gajerun kalmomin, inc ƙari ne wato gida biyu a rami ɗaya, dec ragi ne wato haɗe gida biyu su zama ɗaya, ch sarƙa ce wato ki rataya zare ki ratsa shi ta madaukin da ke kan kwarashi, MR kuma zoben da zamu fara da shi yanzu.

Zoben nan shi ne inda mutane da yawa ke ajiye kwarashi su ce abin ba nasu bane, ki yi haƙuri da shi kwana ɗaya. Ki riƙe jelar zaren a tafin hannun hagu, ki naɗa shi a kan yatsa biyu, manuniya da na tsakiya, ya gitta kansa, ki zura kwarashi ƙarƙashin zaren farko ki kamo na biyu ki jawo, ki yi sarƙa ɗaya don ya tsaya, sannan ki zare yatsunki a hankali. Yanzu kina da zobe mai faɗi da jela a gefe. Ki yi singil 6 a cikin zoben, amma kwarashin ya riƙa shiga ƙarƙashin zoben da jelar tare, su biyun. Kin gama shida sai ki ja jelar, zaki ga ramin ya tsuke ya rufe ruf kamar bakin zariya. In ya ƙi ki yau, ki yi sarƙa 2 ki zuba singil 6 a cikin sarƙar farko, zai bar ɗan rami kaɗan amma aiki zai tafi, gobe ki koma wa zoben.

Yanzu kan ragon, da ulu ruwan ƙasa. Ba a rufe zagaye a nan, ana ci gaba ne kawai kamar bayan dodon koɗi, shi ya sa dole alama, ki maƙala ta a gidan farko na kowane zagaye, in kin zagayo kin iso ta ki cire ki saƙa ki mayar. Har zagaye 6 duk zagaye ana ƙara shida:

Zagaye 1: gida 6 a zobe.
Zagaye 2: ƙari a kowane gida, 12.
Zagaye 3: gida 1 sai ƙari, sau shida, 18.
Zagaye 4: gida 2 sai ƙari, 24.
Zagaye 5: gida 3 sai ƙari, 30.
Zagaye 6: gida 4 sai ƙari, 36.
Zagaye 7 zuwa 12: babu ƙari babu ragi, 36 a kowanne.

Ki ƙirga a ƙarshen kowane zagaye, kowanne fa, kar ki ce sai na yi uku in duba. In ya kamata ki samu 24 kika samu 23 toh zagayen gaba ba zai taɓa faɗawa daidai kan alama ba, kuma warware zagaye ɗaya ya fi warware biyar sauƙi. Madaukin da ke kan kwarashi baya cikin ƙirga. Ni in ina saƙa ana min magana bana amsawa sai dai in ɗaga murya da lambar da nake kai, yaran gidanmu har sun saba, in suka ji "goma sha bakwai, goma sha takwas" sai su koma su jira. Wani abu kuma, in kullum ƙarin yana faɗawa kan ƙarin da ya gabata zaki ga faifan ya fito da kusurwa shida maimakon ya zagaye. A ɗan ƙaramin kai irin wannan ciko zai gyara shi, amma in kina so ya fito sumul toh a zagaye 4 ki fara da gida 1, ƙari, sannan ki ci gaba da 2 da ƙari, ki ƙare da gida 1, haka a zagaye 6 ki fara da 2 ki ƙare da 2, lissafin bai canza ba wurin ƙarin ne kawai ya gusa.

Daga zagaye 7 faifan zai fara lanƙwasowa ya zama ƙoƙo, nan ne na yi kuskuren da ya bi ni raguna uku ban sani ba. Saƙar tana da fuska da baya. Fuskar ita ce mai jerin V-V tsaf, bayan kuma yana da 'yan sanduna a kwance. Ƙoƙon yakan so ya lanƙwasa da bayan a waje, sai ki tura shi da yatsa ki juya shi. Alamar kina daidai ita ce jelar zoben tana cikin ƙoƙon, kuma kwarashinki yana aiki a bakin da ke kusa da ke, yana shiga daga waje zuwa ciki. Ragona na farko a bai-bai na gama shi, inna ta ɗaga shi ta ce wannan doya ce ko rogo.

Kafin ki fara ragi ki dakata ki yi maganar ido, don in bakin ya tsuke yatsa baya shiga ya danna wosha. Ki soka su tsakanin zagaye 9 da 10, da gida 7 ko 8 a tsakaninsu, kar ki kulle tukuna, ki ɗan cusa faiba ki ajiye shi a kan tebur ki ja baya ki kalla. Ido in ya yi sama ya matsu da juna dabbar kamar tsoho mai fushi take fitowa, in ya sauko ƙasa ya ɗan ware sai ta yi fuskar jariri, gida ɗaya kacal yana canza komai. Wosha in ta shiga bata fita, saboda haka sai kin gamsu. Amma in wanda za a ba bai kai shekara 3 ba ki manta da idon roba kwata-kwata, haka maɓalli da dutsen ado, yaro mai fitar haƙori zai ciza ya ja, saƙa kuma tana buɗewa, abin ya tafi maƙogwaro. Ki ɗinka idon da baƙin zare, ki bi gida ɗaya sau huɗu ko biyar a wuri guda bayan kin cusa kan, ki ɗaure ta ciki. Kyautar suna duk haka nake yi musu.

Ragi iri biyu ne kuma ɗaya ne kawai zan koya miki, wanda baya barin rami. Ki soka kwarashi ƙarƙashin zaren gaba kaɗai na gidan farko, kar ki ɗauko zare, ki karkata ki soka ƙarƙashin zaren gaba na gidan biyu, yanzu ki rataya zare ki ratsa waɗannan biyun, sai ki sake ratayawa ki ratsa biyun da suka rage a kan kwarashi. Gida biyu sun zama ɗaya kuma in ba ke kika nuna ba babu mai ganin wurin. Ki kula gidan da ke biye, mutane suna komawa su sake soka wanda suka riga suka haɗe, sai lissafi ya ƙi sauka. Zagaye 13 gida 4 sai ragi sau shida, 30. Zagaye 14 gida 3 sai ragi, 24. Zagaye 15 gida 2 sai ragi, 18. A nan ki tsaya ki cusa.

Cusawa ba dunƙule guda ake turawa ba, ki riƙa yagar faibar kaɗan-kaɗan kina bajewa, ki fara manna ta a jikin bango ta ko'ina sannan ki cike tsakiya, bayan kwarashi ko fensir marar tsini yana taimakawa. Kusan kowa a farko ƙarancin ciko yake yi, abin ya yi kyau ranar farko bayan sati biyu a hammatar yaro ya lotse. Ki cusa har in kin latsa ya dawo da kansa kamar buredi mai zafi, in kuma kin ga gidaje sun fara buɗewa fari yana leƙowa kin wuce, ki rage. Zagaye 16 gida 1 sai ragi, 12, ki ƙara ɗan ciko, zagaye 17 ragi shida, saura 6. Ki yanke zare da ɗan tsawo, ki jawo shi ta madaukin ƙarshe, ki saka a allura ki bi zaren gaba na gidaje shidan ɗaya bayan ɗaya, ki ja ya tsuke, sai ki soka allurar ta tsakiyar ki fito ta wani gefen kai, ki ɗan ja ki yanke, jelar ta koma ciki ta ɓace.

Jiki da farin ulu, kin riga kin iya shi. Daga 6 zuwa 30 a zagaye biyar kamar ɗazu, zagaye 6 zuwa 9 a bar shi 30, zagaye 10 gida 3 da ragi 24, zagaye 11 da 12 a bar shi 24, zagaye 13 gida 2 da ragi 18, zagaye 14 a bar shi 18. Kar ki rufe, wannan bakin shi ne wuya, ki bar jela kamar kamu ɗaya don ɗinki, ki cusa da ƙarfi musamman wajen wuyan.

Ƙafafu huɗu ne iri ɗaya, da zaren kofato ki yi 6 a zobe, sai gida 1 da ƙari sau uku ya zama 9, zagaye ɗaya a haka, sannan ki koma fari ki yi zagaye huɗu na 9. Canza launi a gidan ƙarshe na tsohon launi ake yi, lokacin da madauki biyu ke kan kwarashi, maimakon ki ratsa su da tsohon zare sai ki ratsa da sabon, ki ɗaure jelolin biyu ta ciki. Ciko rabin ƙasa kawai, saman a bar shi fayau don ya kwanta a jiki. Waɗannan ƙananan gaɓoɓin sun fi kai cin rai gaskiya, wuri ya matse yatsa baya shiga, kuma sun fi saurin juyewa bai-bai, ki juya su tun a zagaye 2.

Kunne biyu ruwan ƙasa, 6, sai 9, sai gida 2 da ƙari sau uku 12, zagaye biyu a haka, sai gida 2 da ragi sau uku 9, babu ciko, a daɓe a ninke bakin. In kina son irin dogon kunnen ragon Sahel mai reto ki ƙara zagaye biyu a tsakiya, in kuma ɗan guntun ragon gida na kudu kike so ki bar shi haka. Bakin ragon kuma da farin ulu za a yi shi, 6, 12, 18, sai zagaye ɗaya na 18, ɗan ƙoƙo kenan. Ƙaho shi ne abin da na fi so don wayo ne zalla, ki yi sarƙa 13, ki tsallake wadda ke kusa da kwarashi, ki zuba singil 2 a kowace sarƙa har ƙarshe, gidajen sun fi wurin yawa saboda haka dole ya murɗe da kansa, in kina so ya naɗe sosai kamar na rago mai shekaru ki zuba 3. Kar a saka waya a ƙahon abin yara ko da an ce miki zai fi tsayawa. Jela sarƙa 6 ce a dawo kanta da singil.

Haɗawa, toh nan ake gane wadda ta yi haƙuri. Na ga saƙa mai kyau da ɗinkin gaggawa ya mayar abin tausayi, kunne ɗaya a goshi ɗaya a ƙeya. Kar ki ɗinka komai sai kin kafa duka da fil, kai a kan wuya, baki a ƙasan idanu daidai tsakiya, kunnuwa a gefe wajen zagaye 6 ko 7, ƙaho a samansu kaɗan, ƙafafun baya a ƙasa suna miƙe gaba yadda zai zauna, na gaba a gefen ƙirji. Ki ƙirga zagaye daga tsakiyar kai zuwa kunnen dama, ki ƙirga zuwa na hagu, kar ki yarda da ido kawai. Ki kalle shi ta gaba, ta baya, ta sama, ki ajiye shi a tebur ki ga ko yana zama ko yana kifewa, in yana faɗuwa baya ki matsar da ƙafafun baya ko jelar ta zama madogara. Sannan ki fara da wuya, allura ta ɗauki gida ɗaya a bakin jiki ta ɗauki gida ɗaya a ƙasan kai, duk 18 ɗin, kafin ki rufe na ƙarshe ki ƙara tura faiba a wuyan don kai ya fi jiki nauyi, in wuyan ya yi sako-sako sai rago ya riƙa gyangyaɗi. Ni sau biyu nake zagaya wuya. Bakin ma in ya rage gida uku ki tura masa ɗan ciko, sai ki ɗinka hanci kamar harafin Y da baƙin zare. Kin gama ki ƙirga fil ɗinki, adadin da kika soka shi zaki cire, ki kuma ja kowace gaɓa da ƙarfi irin jan da yaro zai yi. Da ulu matsakaici da kwarashi 3mm zai fito kamar santimita 12 zuwa 14 a zaune.

Hannu zai yi tsami satin farko saboda matsewar, ki riƙa ajiyewa bayan rabin awa ki miƙe yatsu, kuma matsewa ba shaƙewa bane, in sai kin yi kokawa kafin kwarashi ya shiga gida toh kin ja da yawa. Da hunturu fatar yatsa tana tsagewa ta riƙa kama ulu, ki shafa man kaɗe da daddare ba lokacin saƙa ba, in ba haka ba farin ragonki zai koma ruwan madara mai datti. In aka ɗauke wuta kuma ki bar ragi da ɗinki sai gari ya waye, zagayen da babu lissafi kawai nake yi da fitilar waya, su ne kuma nake yi a motar haya ta trotro in go-sulo ya riƙe mu.

Wanki da hannu, ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a matsa a hankali kar a murɗe, a naɗe shi a tawul a danne ruwan, a shanya inda iska ke wucewa har cikinsa ya bushe ba bayan kaɗai ba, da damina yakan ci kwana biyu. Dutsen guga kar ya kusance shi, akirilik narkewa yake.

Masu cewa in saƙa musu su biya, ni don nishaɗi nake yi, amma in zaki sayar kar ki yi kuɗin ulu kaɗai. Kan ragon nan shi kaɗai gida 432 ne in kika tara zagayen nan goma sha bakwai, ban saka jiki da ƙafafu huɗu da ɗinki ba. Ki duba agogo ranar da kika fara na uku ko na huɗu, lokacin hannu ya faɗa, ki rubuta awa nawa ya ci, ki haɗa da ulu da faiba da kuɗin mota zuwa Kejetia, sannan ki faɗi sidin da zai fito. Wata Hajiya a layinmu ta taya min shi kuɗin koko da ƙose, na ce Hajiya zo ki zauna in koya miki zoben kyauta, ta zauna, yanzu tana zagaye 9 na kan zomo kuma jiya ta aiko jikarta da shi a leda wai in duba mata, ya zama 35 ta rasa inda ɗayan ya shiga.